Uwar kuɗi aka cinye, ku daina ɗora wa baki

Tun jiya da aka sa hoton shagon kayan masarufin nan na wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina da kwaɗo a ƙofa nake bin abin da mutane ke rubutawa, kuma wallahi raina ya ɓaci. Wannan ya ce kambun baka ne. Wancan ya ce hassadar maƙwabta ce. Wata har rantsuwa ta yi wai an binne wa mai shagon wani abu a bakin ƙofa, a gaggauta kai shi wajen malam. Na karanta har ƙasa, ban ga mutum ɗaya da ya tambayi inda uwar kuɗin ta shiga ba.

Yaron nan ƙanena ne na unguwa, a gabana ya tashi, kuma sai da na nemi izininsa kafin in yi wannan rubutu. Kambun baka gaskiya ne, ban musa ba. Amma shagon nan uwar kuɗinsa aka cinye, kaɗan-kaɗan, cikin wata bakwai, kuma da hannunsa aka ci.

Kasonsa na gonar gado ya sayar. Kafin katan ɗaya na kaya ya shiga shagon, an biya hayar shekara biyu, an sa tayil, an yi silin, an kafa allo mai fitila, an sayi firiza da sola, an yi walimar buɗewa har da lemo. Ranar da na je yi masa Allah sanya alheri na duba kantoci, rabinsu iska ce. Na ce masa, "Ƙanena, ina kayan?" Ya ce, "Yaya, a hankali za su ciko." Da me za su ciko, alhali kuɗin da za su ciko da shi yana manne a bango?

Wannan ma da sauƙi. Babbar cutar ita ce aljihun teburin shago da aljihun rigarsa sun zama abu ɗaya. Cefanen gida daga nan. Man mashin daga nan. Data daga nan. Gudummawar bikin aboki, ragon suna, ɗinkin salla, sallamar ɗan'uwan da ya zo daga ƙauye, duk daga nan. Da dare ya ƙirga ya ga dubu tamanin, zuciya ta ce masa yau ya samu dubu tamanin. Ganin kitse yake wa rogo. A harkar kayan masarufi, wanda ya yi cinikin dubu tamanin zai yi wuya ribarsa ta kai dubu takwas, kuma a cikinta haya ke jira, yaron shago ke jira, leda da kuɗin mota ke jira. Sauran kuɗin na shinkafa ne da sukari da taliyar da suka fita, hakkinsu ne su koma kasuwar Singa ta Kano su dawo da 'yan'uwansu. Duk nairar da ka taɓa a ciki, kanta ka rage da hannunka.

Akwai kuma wata ɓarauniyar hanya da uwar kuɗi ke zurarewa, wadda ko masu hankali tana kayar da su. A ce ka saro buhu dubu 40, ka sayar dubu 44, kana murna ka ci dubu 4. Ka koma Kano ka tarar buhun ya zama dubu 47. Ashe asarar dubu 3 ka yi, ga dubu 4 ɗin ma ka riga ka kashe. Kuɗin da ya ɗauko buhu goma a wancan zuwa yanzu ko tara ba zai ɗauko ba, zuwa na gaba ya ƙara raguwa. Ɗan kasuwar da ke sa farashi da kuɗin da ya saro, bai tambayi nawa ake sarowa yau ba, yana cikin rufe shago ne bai sani ba.

Na san abin da za ku ce, ƙasa ce ta lalace. Ni ma a Katsinar nake. Na ga abin da cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 ya yi wa kuɗin mota. Na ga dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a farkon 2024. Na ga yadda rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya tsayar da Jibiya da Mai'aduwa cik. Duk gaskiya ne. To amma dattijon nan mai teburi da ke daura da shagon, wanda ba shi da tayil ba shi da firiza, wannan guguwar ba ta bi ta kansa ba ne? Yana nan yau da safe yana auna sukari. Shi ya san ribarsa, ita kaɗai yake kaiwa gida.

Masu cewa arziki na Allah ne, haka ne, kuma Annabin da ya koya mana tawakkali, sallallahu alaihi wa sallam, shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara.

Sai bashi. Na ce ya nuna mini littafin bashinsa, ya ce a ka yake riƙewa. A ka! Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma mu kunya ta hana mu ɗauko biro a gaban kawu. Abokai sun ɗiba, 'yan'uwa sun ɗiba, ma'aikata sun ɗiba sai ƙarshen wata, kuma watan bai ƙare ba har yau. Kada wanda ya ce mini bashi hanji ne. Bashin da ka bayar daga riba taimako ne, Allah ya ba da lada. Wanda ka bayar daga uwar kuɗi kuwa shagonka ka raba wa mutane.

Shekara shida na yi ina yaron shago kafin ubangidana, Allah ya jiƙansa, ya sallame ni. Bai yi boko ba, da ajami yake rubutu, amma ko sabulu ya ɗauka don gidansa sai ya zaro kuɗi daga aljihu ya jefa a akwati. Ina yaro abin yana ba ni mamaki, kaya nasa, kuɗi nasa. Ya ce mini, "Shago maraya ne, in ka ci dukiyarsa ba ya kuka, mutuwa kawai yake yi." Har yau da wannan nake rayuwa. Ina yanka wa kaina albashi kamar kowane yaro, in ya ƙare ya ƙare. Asusun shago daban, nawa daban. Duk ƙarshen wata ina rufe ƙofa in ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, in haɗa da kuɗin hannu da bashin da nake da yaƙinin zai dawo, in ga ko uwar kuɗi tana nan da ranta. Littafin 'yan makaranta da biro sun isa wannan aiki. In kuma ba ka taɓa zama a shagon wani ba, don Allah je ka zauna ko wata shida ne kafin ka sayar da gona, ka kuma fara da abin da in ya nutse ba zai tafi da gidanku ba.

Af, tunda an zo nan. Ku da kuke zuwa taya firizar da solar, ku ji tsoron Allah. Jiya a gabana wani ya taya firizar da ba ta shekara ba ƙasa da rabin kuɗinta, yana cewa ai taimaka masa zai yi, kuma mutumin nan sunansa na cikin waɗanda yaron ke bi bashi. Na ce ya fara biyan na taliya da madara tukuna. Firizar tana gidana yanzu na ajiye masa, ba za a sayar ba sai zafin Maris ya shigo, lokacin da masu ƙanƙara ke nemanta ido rufe.