Ango da Amarya, Ku Zauna Tukuna Kafin Ku Biya Kuɗin Otal ɗin Bakin Teku

Kwanakin baya wani ƙanina da bai cika shekara da aure ba ya miƙo mini wayarsa, hotuna biyu a jere. Na farko ɗaki ne da aka kafa bisa dirkoki a tsakiyar ruwa garai-garai, a ɗaya daga cikin tsibiran Maldibi da ke tekun Indiya. Na biyu otal ne a gabashin Zanzibar, ga farin yashi, ga itatuwan kwakwa sun sunkuyo. Ya ce, "Yaya, wanne ya fi kyau? Gobe nake so in biya." Na ce, "Ita me ta ce?" Sai ya yi murmushi, wai ai ba-zata zai yi mata.

Maganar ta tsaya mini a rai, don na san ba shi kaɗai ba ne. Ƙannena maza da mata, da ku nake. Mutum zai yi wata da watanni yana tara kuɗi, yana hana kansa abubuwa, don ya fita hutu da abokin rayuwarsa, amma idan aka zo wurin zaɓi sai ya yanke hukunci cikin minti goma a kan hoton da mai otal ya ɗauka da kansa. Wannan ganganci ne, kuma ina jin zafinsa, domin kwanaki biyar ko bakwai ɗin nan ba kullum ake samunsu ba. Wasu ma sai bayan shekaru za su sake samun irinsu.

Mai otal ba ƙarya ya yi maka a hoto ba. Ya dai zaɓi ranar da sama ta washe da sa'ar da teku ta cika, ya tsaya a kusurwar da ginin maƙwabci ba zai fito ba. Ku kuwa za ku kwana ku tashi a wurin, safe da rana da dare, a watan da hutunku ya faɗo, ko ya yi daidai da watan hoton ko bai yi ba.

Mu ɗauki otal na biyu. A gabar gabashin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, wajen Paje da Jambiani da Matemwe, teku na cika ta janye sau biyu a yini. Idan ta janye, a wasu wuraren ruwan kan yi nisan da ya kai kilomita ko fiye, ya bar fili na jiƙaƙƙen yashi da duwatsun murjani da gonakin ciyawar teku da matan ƙauyukan ke nomawa. Tsakanin cika da janyewa kusan sa'a shida ne, lokacin kuma yana gusawa da kimanin minti 50 kowace rana, abin ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa. Wanda ya taho da niyyar ya fito daga ɗaki ya faɗa ruwa duk sa'ar da ya ga dama, zai sha mamaki. A arewacin tsibirin kuwa, Nungwi da Kendwa, gabar ta fi zurfi, ana iya iyo kusan duk yini. Sai dai can jama'a sun fi yawa, kiɗa ya fi tashi da dare, Kendwa ma an san ta da shagalin daren cikar wata. Ka ga tsibiri ɗaya, otal biyu masu taurari iri ɗaya, amma hutu iri biyu ne. Akwai ma'auratan da tafiya a kan yashin da teku ta bari, hannu cikin hannu da sassafe, ta fi musu iyo daɗi nesa ba kusa ba. Akwai waɗanda za su ji an cuce su. Ku kaɗai kuka san a wane ɓangare kuke, kuma ba za ku sani ba sai kun tambayi juna.

Na farkon kuma, wanda ya fi ɗaukar ido, shi ne ya fi buƙatar a yi masa tambayoyi. Maldibi tsibirai ne kusan 1,200, tsarin da aka saba a can tun da aka buɗe otal na farko a 1972 shi ne tsibiri guda otal guda. Ma'ana, idan kuka sauka, duniyarku ta zama wannan ɗan tsibirin da za ku iya kewayewa da ƙafa cikin minti ashirin ko talatin. Babu kasuwa, babu gari, babu wani gidan abinci da za ku koma idan na otal bai yi muku ba ko ya yi tsada. Ruwan sha ma a hannunsu yake. Ga waɗanda suka gaji da hayaniya, suke so su kaɗaita su ji muryar juna, wannan ni'ima ce. Ga wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, wanda sai ya ga jama'a ya shiga lungu ya yi ciniki ransa ke sakewa, daga kwana na uku zai fara ƙirga ranar komawa. Kuma mutum idan ya ƙosa, a kan na kusa da shi yake saukewa. Wa ke kusa da kai a tsibirin da babu kowa naka sai matarka?

Sannan ga hanyar isa. Jirgin sama na ƙasa da ƙasa galibi a filin Velana yake sauka, kusa da Male babban birni. Otal-otal na kusa ana kai baƙi da jirgin ruwa mai gudu. Na nesa kuwa galibi sai ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, shi kuma da hasken rana kawai yake tashi. Idan jirginku ya iso da yamma liƙis, za ku kwana a Male ko Hulhumale, tsibirin da ke gefen filin jirgin, da kuɗinku, ga daren farko da kuka riga kuka biya a tsibirin ya tafi a banza. Kuɗin wannan ƙaramin jirgi sau da yawa ba ya cikin farashin da kuke gani a intanet, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, a kan kowane mutum ake lissafa shi. Nauyin kayan da yake ɗauka ma ƙayyadadde ne. Ɗan'uwa, ka taɓa tambayar matarka ko tana iya shiga jirgi mai kujeru goma sha biyar, mai ƙara, mai sauka a kan igiyar ruwa? Ka san ko jirgin ruwa na sa ta jiri da amai? 'Yar'uwa, ke ma kin san ko maigidan da kike ta nuna wa ɗakin kan ruwa ya iya iyo, ko kunya ce ta hana shi faɗa miki?

Lissafin kuɗi shi ne inda na fi ganin matasa na faɗawa rami. Ana kwatanta kuɗin ɗaki da kuɗin ɗaki, a ce wannan ya fi araha. A Maldibi ana ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, da harajin yawon buɗe ido da ya kai kashi 17 cikin ɗari tun Yulin 2025, da harajin muhalli da aka ninka daga dala 6 zuwa dala 12 a kan kowane mutum kowane dare a manyan otal tun Janairun 2025. A Zanzibar kuma tun Oktoban 2024 baƙo sai ya sayi inshorar tafiya ta hukumar tsibirin kafin ya shiga. Ku ɗauki takarda da biro, ku rubuta kowane otal a gefensa, daga barin filin jirgi har dawowa: mota ko jirgi, ɗaki, abinci sau uku, ruwa, haraji, yawon da kuke son zuwa. Sau da yawa wanda ya yi kama da mai tsada shi ke fitowa da sauƙi a ƙarshe. Ku kuma lura da tsarin nan na biyan komai a dunƙule, ɗaki da ci da sha. Wani kaso mai kauri na kuɗin na barasa ne. Idan ba ku sha, kun biya wa wasu. Tsarin karin kumallo da abincin dare, ko na abinci uku ba tare da barasa ba, zai iya fi muku.

Ina roƙonku da babbar murya, kada ku ci bashi don wannan tafiya. Hutun da za a dawo ana biyansa wata shida, ana tsuke bakin aljihu ana ɓata wa juna rai, ya ci amanar abin da aka fita nema. Idan ƙarfinku na otal mai sauƙi ne, ku je mai sauƙin da farin ciki. Idan na kwana huɗu ne, kada ku ja shi zuwa bakwai. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Da yawa daga cikin masu zaɓen ɗakin kan ruwa, idan suka faɗa wa kansu gaskiya, saboda hoton da za su ɗora a Instagram suka zaɓa. Masu kallon hoton daƙiƙa biyu za su yi su wuce, su manta. Wadda kuka tafi tare ita za ta riƙe yadda ka kula da ita a kwanakin, ko yadda ka yini kana gyara tsayuwa kana neman haske, ita tana riƙe da waya.

Watan da za ku je kuma shi ne uban tafiya. A Maldibi rani daga Disamba zuwa Afrilu ne, daga Mayu zuwa Oktoba kuwa iskar kudu maso yamma ke kawo ruwa da igiya, shi ya sa farashi ke sauka. A Zanzibar babbar damina daga Maris zuwa Mayu take, ƙarama kuma wajen Nuwamba. A Morishus, wani tsibirin hutu a tekun Indiya, lokacin guguwa daga Nuwamba zuwa Afrilu ne, daga Mayu zuwa Oktoba kuma gabar gabas da kudu sun fi shan iska, arewa da yamma sun fi lafawa. Masu duban tsibiran Karebiyan su sani lokacin guguwa a can daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba ne, kuma tun 2011 wata ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa ke taruwa a gaɓoɓin da ke fuskantar gabas, idan ta ruɓe wari take yi. Rangwamen da ya yi yawa yana da dalili, ku nemi dalilin. Ba laifi ba ne a je a lokacin araha, in dai an je da sani, an kuma zaɓi otal ɗin da za a iya yini a cikinsa ranar da ruwa ya tsuge.

Matambayi ba ya ɓata. Ku karanta sharhin waɗanda suka kwana a wurin, amma ku tsallake masu yabo tsantsa da masu zagi tsantsa, ku nemi na tsakiya, su ne ke faɗin daɗi da rashinsa. Ku nemi waɗanda suka je a irin watan da za ku je. Ku duba hotunan da baƙi suka ɗauka da wayoyinsu. Ku buɗe taswirar tauraron ɗan'adam ku ga ko akwai titi tsakanin otal da teku, ko ana gini a maƙwabta. Ɗakin da aka ce yana kallon teku daban yake da wanda ƙofarsa ke bakin yashi. Ku rubuta wa otal ɗin kai tsaye ku tambaya: yara na da yawa ko na manya ne kaɗai, kiɗa na kaiwa ƙarfe nawa, ana ganin barandar ɗaki daga waje, idan aka fasa tafiya nawa ake mayarwa. Yadda suka amsa muku tun ba ku biya ba, ya ishe ku sanin yadda za su riƙe ku bayan kun biya.

Akwai abu guda da ba na so ku yi wasa da shi, wato lafiya. Ƙaramin tsibiri yakan kasance da ɗakin shan magani ne kawai, babban asibiti sai an hau jirgi. Idan amarya na da juna biyu, ko ɗayanku na da asma ko ciwon suga ko wata lalura mai tashi ba sallama, wannan kaɗai ya isa ya yanke muku zaɓi, kuma likita ya kamata a fara tambaya kafin mai sayar da tikiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tun 2015 cewa Maldibi ta rabu da zazzaɓin cizon sauro, amma akwai zazzaɓin dengi, wanda shi ma sauro ke yaɗa shi, don haka maganin sauro na shafawa dole ne a duk inda kuka zaɓa. Wanda bai iya iyo ba ya sa rigar kariya ko da ruwan ya yi kamar madubi. Teku na da igiyar ƙarƙashi mai jan mutum ciki, kyanta kyan ɗan maciji ne.

Na dawo kan ba-zata. Na san niyya ce mai kyau, so ne ya kawo ta. Amma ba-zata da turare ko zobe ake yin ta, abin da idan bai dace ba za a iya canzawa. Kuɗin da kuka daɗe kuna tarawa, da kwanakin da ku biyu za ku rayu a cikinsu, haƙƙin ku biyu ne. Kuma zaman da za ku yi kuna duba taswira, kuna gardama, tana cewa ita gari take so ta gani, kana cewa kai barci kake so ka rama, shi kansa wani yanki ne na hutun. A nan za ka ji abubuwan da ba ka taɓa sani ba game da ita. Kowa ya faɗi abu biyu da ba zai iya haƙura da su ba, da abu ɗaya da yake tsoro. Idan abin da kuke so ya saɓa, ku duba otal ɗin da ya kare kowa daga abin da yake tsoro, ko da bai ba kowa duk abin da yake so ba. Kada ɗaya ya yi shiru don kawaici, ya je can yana cizon yatsa.

Ƙanin nawa bai biya washegari ba. Ya koma gida ya ajiye wayar a gabanta. Ashe ita tsoron ruwa mai zurfi take yi, ɗakin da ya fi burge shi ɗin nan ta ce ko barci ba za ta iya a cikinsa ba, tana jin igiya na dukan dirkoki a ƙarƙashinta. Abin da ta daɗe tana buri shi ne ta taka lungunan tsohon garin Zanzibar, wanda UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, ta ga ƙofofin katakon nan masu sassaƙa, ta je gonakin kanumfari. Shi kuma iyo yake so. Suka bar otal-otal biyun duka, suka raba kwanakin: biyu a cikin gari, huɗu a Nungwi, a watan Agusta.