Wai kakan nan namu mutum nawa ne?

Don Allah a taya ni ƙirga! A rasit ɗin haraji na zamanin En'e sunansa Garba, a takardar gonarsa Abubakar, wasiƙar ajami ta ce Habu, wani kuma ya rubuta Bukar kamar daga Borno aka ɗauko shi. Mahaifinsa ma bai tsira ba: nan Muhammadu, can Mamman, wani malalacin akawu ya guntule shi ya koma Moh'd. 'Ya'yansa suka shiga elementare aka liƙa musu sunan gari, wannan Misau, ƙaninsa Azare, uwa ɗaya uba ɗaya fa! Baffa da kansa ya juya takardun ya ce bai san mutanen nan ba. To ni in bi wanne? Ko duk Bauchi ce ta taru ta haife ni?