Bel ɗaya, Golf biyu

Ƙarya biyu na yi a mako ɗaya, kuma duka a kan tsohuwar Golf ɗina. Bakanikena na Dilimi, wanda ke bi na naira 18,000 tun kafin azumi, na ce masa ina Abuja. Surukina kuwa ya nemi aron motar zai je Bokkos saro dankali, don tasa ta fara tari, na ce masa ai tana gareji. Gaskiyar magana, ni ma dankalin nake so in je in saro. Damina ta yi nisa, an fara tono, kuma duk ɗan Jos ya san abin da ake sayarwa a Farar Gada daga can gonakin yake fitowa.

Ranar Asabar na yi sammako. Bukuru, Mararabar Jama'a, Haifan, Barikin Ladi, lafiya lau. Daga nan sai wayo ya motsa: takardun mota sun ƙare, bari in yanke ta hanyar ƙauye. Jar ƙasa, hazo ya sauko, sanyi kamar a watan Janairu, ga kududdufan nan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa, ruwan ciki shiru kamar yana jiran wani. Dab da ɗaya daga cikinsu na ji fat! Fitilar batir ta kama, allurar zafi ta miƙe tsaye. Na buɗe bonet, fambel ya tsinke, ya yi zare-zare kamar kilishi.

Waya ba sabis. Na hau dutse, na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, ko layi ɗaya. Awa guda ba wanda ya gifta sai wata tsohuwa da itace a kafaɗa, ta ce min sannu, ta yi wa motar sannu, ta wuce.

Can sai ga ƙarar mashin. Na tare hanya ina ɗaga hula. Mutumin ya tsaya, ya kwance rawanin sanyi, sai ga bakanikena, da jakar sufanu a baya.

"A'a, Oga! Yaushe aka dawo da Abuja nan?"

Na ce yanzu na sauka. Bai ko yi dariya ba. Ya leƙa inji, ya zuge jaka, ya zaro sabon fambel, daidai na Golf, ko gwaji bai buƙata. A cikin dajin nan! Na fara kabbara. Ya ce in rage murya, a fara da tsohon lissafi. Kuɗin dankali na ƙirga masa, 18,000 cif, na ɗora kuɗin bel da na aiki. Minti goma mota ta tashi.

Sai a lokacin hankalina ya dawo na tambaye shi me ya kawo shi nan da bel a jaka.

"Wani dattijo ne ya kira ni tun da safe, ya lalace a gaba kaɗan. Mu je ka raka ni, Oga, ka san shi."

Ai kuwa na san shi. Ni ma na haɗa su. Bayan lanƙwasa biyu kacal na hango wata Golf da bonet a buɗe, Baba na zaune a kan dutse da carbi. Shi ma ashe takardun ne suka koro shi ta nan. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na fito na durƙusa har gwiwa ta taɓa laka.

"Baba, barka da hutawa."

Ya dubi motar, ya dube ni, ya ja carbi ɗaya. "Madalla. Ashe garejin naku har nan ya yi reshe."

Bakanike ya yi gyaran murya, ya ce matsala ɗaya ce: bel guda ya taho da shi. Ba wanda ya dube ni, ba wanda ya ce komai. Ni da kaina na koma na ja abin buɗe bonet. Aka kwance bel ɗin da na biya, aka ɗaura wa Baba.

Da igiyar ɗaure buhu ya ja ni har Barikin Ladi, duk ramin da ya kauce wa ni sai na faɗa. A can ya ba ni kuɗin mota, ya ce in gaida 'yarsa, ya juya ya tafi saro dankalinsa. Da daddare ya aiko mana da kwano guda.

Uwargida ta tambaye ni ina mota. Na ce tana gareji. Ta ce ai Baba ya faɗa mata tun ranar Alhamis.