Wai "ai mace ce"

Har yanzu raina a ɓace yake kan abin da ya sami Yaya shekaranjiya. Waɗanda suka kira suka yi jaje na gode, jiki da sauƙi, sai wuyan da ke ɗan riƙe mata. Ni ba lalacewar motar ce ta tsaya mini a rai ba. Baiwar Allah tana tsaye, danja ta tsayar da ita, yaron da ko gemu bai fara ba ya taho a guje da motar babansa ya daki bayanta, amma farkon abin da ya fito daga bakin waɗanda suka taru shi ne "ai mace ce". Mota a tsaye fa! Laifinta shi ne ta taka burki inda doka ta ce a taka?

Mu daina yaudarar kanmu. Wanda ke zubar da jini a titi, galibi namiji ne, kuma matashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma yiwuwar namiji ya mutu a ciki ta ninka ta mace kusan sau uku. Tsakanin shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai hatsarin hanya kisa. 'Ya'yanmu ke nan, ƙannenmu ke nan.

Na san wani zai ce ai mata ba su da yawa a kan sitiyari, shi ya sa. A ajiye wannan. A Amurka kusan rabin masu lasisi mata ne, duk da haka maza ne suka fi yawa nesa ba kusa ba a direbobin da hatsarinsu ya ci rai. Kamfanonin inshora a Turai sun daɗe suna cajin samari fiye da 'yan mata, har sai da kotun Tarayyar Turai ta hana bambancin, hanin ya fara aiki a ƙarshen 2012. Masu inshora ba sa son kowa, takardun hatsari suke dubawa su yanka kuɗi.

Wani kuma zai ce mata na da tsoro, suna tafiyar hawainiya. To, tafiyar hawainiya ta taɓa kai wani makabarta? Wa ke bin wan-we? Wa ke wasan mota ranar ɗaurin aure da ranar Sallah? Wa ke kutsa adaidaita sahu tsakanin tirela biyu da fasinja cike? Kowa ya san amsar, kunya ce ta hana a faɗa.

Wallahi yaron nan tausayi ya ba ni. Jikinsa na ta rawa, yana "Hajiya ki yi haƙuri". Doka ta ce sai shekara 18 ake ba da lasisi, wani babba ne ya miƙa masa makulli. Iyaye, ku ji tsoron Allah. Da mai tura baro ya samu a wurin, da yanzu zaman makoki ake.

Af, wanda ya san mai gyaran jikin mota mai amana ya yi mini magana ta inbos. Kuɗin da aka faɗa mana na bamba da fitilun baya kaɗai, ban ma iya gaya wa Yaya ba tukuna.