Wata biyu ina jiran injin cika harsashi, da ya zo kuma ba nawa ba ne

Wallahi yau raina ya gama ɓaci da wani shagon intanet a nan Amurka. Ni dai harbin faifan yumɓu nake yi duk Asabar, wanda suke ce wa trap, zagaye ɗaya faifai 25, kwalin harsashi ɗaya ke nan cif, in ka yi zagaye huɗu ɗari sun tafi. Shi ya sa muke tsince kwansonmu mu koma gida mu sake cikawa da kanmu.

Shekara uku ina fama da ɗan injin cika harsashina, MEC 600 Jr, ba shi da laifi ko kaɗan amma harsashi ɗaya sai ka bi da shi tasha biyar da hannu, ka cire tsohuwar firama (ɗan ƙarfen gindin harsashi da ke kunna albarushi) ka sa sabuwa ka zuba albarushi da toshiyar roba da darma sannan ka naɗe bakin, kafin ka cika kwali huɗu kafaɗa ta riƙe. Na tara kuɗi na yi odar babban injin da faifansa ke juyawa, kowane ja ɗaya harsashi ɗaya ya faɗo. Har teburi na haɗa mai kauri na ɗaure shi da bango, don in teburi na rawa awon albarushi ba ya zama daidai, kuma wannan ba abin wasa ba ne, fuskar mutum ce a bayan bindigar.

Sati takwas! Kwali ya iso na buɗe, na geji 20 (wato girman harsashin) suka turo, ni kuwa 12 na rubuta ga rasit nan a hannuna. Robar zuba darma ma a tsage.

Na buga waya suka bar ni minti arba'in da kiɗa a kunne, wata ta ɗauka wai in mayar musu da injin da kuɗina, kuma za su cire kashi 15 na mayarwa. Kuskurenku ni zan biya? Haba jama'a! Ga firama da albarushin da na saya a wurinsu sun raba su kwali biyu, kuɗin hazmat na kaya masu haɗari sau biyu na biya, dama tun ƙarancin 2020 firama ba ta koma tsohon farashinta ba.

Gasar kulob saura sati biyu. Gobe da safe banki zan kira su dawo min da kuɗina ta kati, injinsu kuma su aiko a ɗauka da kuɗinsu.