Ɗan kifin da ke buɗe bakin Amurkawa

Duk Bahaushen da ya zauna a Amurka ya san ƙorafin nan, ko bai yi shi da bakinsa ba ya ji an yi: mutanen ƙasar nan ba su da hira. Ka shekara da maƙwabci, abin da ke tsakaninku bai wuce ɗaga hannu daga cikin mota ba. Babu dakali, babu majalisa, babu mai shayin da za a taru wajensa bayan isha'i. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma a ganina mun yanke hukunci ne alhali ba mu je inda suke hirar ba. Wanda ke son ya ji Ba'amurke ya saki baki da mutumin da bai taɓa gani ba, ya je bakin tafki a ƙarshen watan Mayu ko cikin Yuni, lokacin da kifin da suke kira bulugil ya matso gaɓa.

Kifin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Yawancinsa bai wuce tafin hannu ba, faffaɗa ne, kuma wanda ya san karfasa zai ce 'yan'uwa ne, ko da yake danginsu daban. Yana da baƙin ɗigo a bayan kunne da shuɗi-shuɗi a muƙamuƙi, namijin kuma ƙirjinsa kan yi ja idan lokacin ƙwai ya zo. Asalinsa gabashi da tsakiyar Arewacin Amurka ne, amma yanzu da wuya ka sami jihar da babu shi. Mafi girman da aka taɓa rubutawa a tarihi an kama shi ne a 1950 a tafkin Ketona da ke jihar Alabama, nauyinsa kilo biyu da 'yan kai, kuma har yau ba a karya wannan ba. Jihar Illinois ma shi ne kifinta na hukuma, 'yan makaranta ne suka zaɓe shi da ƙuri'a a 1986. Zaɓin yaran bai ba ni mamaki ba, domin kusan duk wanda ka tambaya a nan kifin da ya fara kamawa a rayuwarsa, bulugil zai ce maka, kuma yawanci sai ya haɗa da sunan kakansa.

Me ya sa shi ne kifin hira? Domin babu gasa a kansa. Masu neman manyan kifaye irin su bas suna cikin jiragen ruwan da kuɗinsu ya kai na mota, da na'urar da ke nuna musu ƙarƙashin ruwa, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa wurin da ya samu. Mai neman bulugil kuwa yana zaune a kan bokiti a bakin ruwa, da sandar fatsa mai araha ko ma gora zalla, da gwangwanin tana. Kifin yana da yawa, yana da haɗama, ba ya wahalar da kowa, saboda haka babu abin rowa. Kuma idon kowa yana kan 'yar robar nan mai iyo a saman ruwa, wadda ke nutsewa idan kifi ya ja. Ba a kallon fuskar juna, sai magana ta zo da sauƙi. Ana iya yin shiru mai tsawo ba wanda ya ji nauyi, ana iya ɗorawa daga inda aka tsaya.

Gaisuwar wurin ma tambaya ɗaya ce: "Suna ci kuwa?" Ita ce sallamarsu. Daga nan sai a ce maka da tana suke ci yau ko da gyare, a zurfin nawa, kusa da ciyawa ko ƙarƙashin katakon da aka shimfiɗa a kan ruwa. Wani dattijo da muke haɗuwa da shi a wani ƙaramin tafki a nan Minnesota, wanda ya yi ritaya daga aikin gyaran injuna, shi ya nuna mini yadda ake sa gyare a ƙugiya. Ya riƙe shi da yatsu biyu, ya soka ƙugiyar a hankali a bayan wuyansa ta yadda ba zai mutu ba, ƙafafun suna ta motsi. Ya ce ƙugiyar ta zama ƙarama mai dogon wuya, domin bakin kifin ɗan mitsitsi ne kuma yana haɗiyewa da sauri. Ya kuma nuna mini yadda ake kama shi idan ya fito: ka shafo hannu daga kai zuwa baya, ka kwantar da ƙayoyin gadon bayansa, in ba haka ba su soke ka. Daga gyare hira ta kai mu ga matarsa da ta rasu, da jikarsa da ke karatun jinya, da tambayarsa ko gaskiya ne muna azumi ko ruwa ba ma sha. Na amsa masa, ya saurara da kyau, kuma tun daga nan idan watan azumi ya faɗo cikin lokacin kamun kifi yakan juya baya in zai buɗe abincinsa. Ban roƙe shi ba.

Ba na cewa kowa a bakin ruwa mutumin kirki ne. Akwai wanda zai kalle ka ya kau da kai, akwai masu shan giyarsu da gara ka ba su wuri. Amma a wurare kaɗan ne a ƙasar nan na ga Bature ɗan ƙauye da baƙin Ba'amurke da ɗan ƙabilar Hmong ta kudu maso gabashin Asiya da ɗan Somaliya suna zaune a jere, wannan yana miƙa wa wancan tana. Wannan kaɗai ya isa a daraja wurin.

Sai dai hirar nan tana da nauyin da ke kanta, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Idan ruwa ya yi ɗumi, mazan bulugil kan taru a wuri mara zurfi, kowane ya share gurbi da jelarsa a cikin yashi ko tsakuwa, zagayayye kamar faifai, ɗaya na jikin ɗaya. Idan ruwan garau yake za ka gan su da idonka daga gaɓa, kowane namiji yana shawagi a kan nasa. Mace ta zo ta zuba ƙwai ta tafi, namijin ne ke zama yana yi musu fifita da ƙegensa, yana korar duk abin da ya matso. A wannan lokacin duk abin da ka jefa masa sai ya kai masa cizo, ba don yunwa kaɗai ba, don tsaron gida. Shi ya sa kamun yake da sauƙi, kuma shi ya sa yake da haɗari. Mutum ɗaya ya gano irin wannan wuri, ya faɗa wa biyu cikin kyakkyawar niyya, ko ya ɗora hoto a Facebook da sunan tafkin, kafin mako ya zagayo an kwashe manyan mazan kaf.

Wani zai ce ai kifin yana da yawa, me zai rage? Yawan ba ya raguwa, girman ne ke tafiya. Masu bincike sun daɗe da gano cewa mazan bulugil iri biyu ne. Akwai masu jinkirin balaga, su yi ta girma har su kai ga riƙe gurbi. Akwai kuma ƙanana masu saurin balaga, waɗanda ba sa gina komai, sai dai su laɓe su kutsa gurbin wani daidai lokacin da mace ke zuba ƙwai. Muddin manyan suna nan, dole matashin kifi ya sa ƙarfinsa wajen girma kafin ya sami wuri. Da zarar an kwashe su, babu sauran dalilin jira, sai ƙanana su fara haihuwa da wuri, girma ya tsaya, tafki ya cika da 'yan firit ɗin da ba su kai a soya ba. A tafkunan arewa masu sanyi kuwa kifin nan kusan inci ɗaya yake ƙarawa a shekara, wato wanda ya kai inci tara ko goma ya kusa shekara goma a ruwa. Ana kama shi cikin minti ɗaya.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minnesota ta ga wannan. A ƙa'idar jihar mutum na iya tafiya gida da guda 20, amma daga 2021 an rage zuwa 10 ko 5 a tafkuna da dama, don a dawo da manyan. Doka ce mai kyau, ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Amma allon da aka kafa a bakin ruwa ba ya gaya maka wane kifi za ka mayar. Wanda ke zaune kusa da kai ne zai duba abin da ka ciro ya ce, ba da faɗa ba, "Wannan babban namiji ne, da za ka sake shi. Matsakaitan ai sun fi daɗin ci." Kuma gaskiyarsa, sun fi. A kankare su, a barbaɗe su da garin masara da gishiri, in ka ga dama ka ƙara yajinka, a jefa a mai. Naman fari ne tas, ba ƙarni. Bakin da ya tona wurin kifin shi ne ya kamata ya faɗi yadda za a bar wa na baya, kuma wanda ya karɓi labarin farko ya toshe kunne daga na biyu bai yi wa masu wurin adalci ba.

Akwai wani labari da ke yawan fitowa a irin wannan zama idan aka zo kan masu ɗebo kifi a bokiti su zuba a wani ruwan. A 1960 magajin garin Chicago, Richard Daley, ya ba Yarima Akihito na Japan kyautar bulugil. Aka kai su can da niyyar su zama abinci, suka tsere zuwa koguna da tafkuna, suka mamaye har da tafkin Biwa, mafi girma a ƙasar, suna cinye ƙwai da 'ya'yan kifayen asali. A 2007, yana kan gadon sarauta, Akihito ya fito fili ya bayyana baƙin cikinsa kan abin da kyautar ta jawo. Na kawo wannan ne saboda na san halinmu da son kai abin arziki gida. Kada wanda ya yi tunanin kai shi wani dam a Najeriya ko Nijar. A nan ma doka ta hana a ɗauki kifi mai rai daga wannan ruwa a saki a wancan.

Wani babban yayanmu a nan ya taɓa ce mini, "Kai ƙanena, su ai sana'ar masunta ce. Mutum da aikinsa da iyalinsa ya je ya zauna a kan bokiti?" Na ce masa, "Yaya, a gida haka ne, kuma ina girmama masu sana'ar. Amma a gida kana da inda za ka zauna da mutane kowace yamma. A nan ina ne?" 'Ya'yanmu suna tasowa tsakanin makaranta da ɗaki da waya. Yaron da ya ga robar nan ta nutse, ya ja, ya ji ɗan kifi yana fizga yana zagaye a ƙarƙashin ruwa, ba ya mantawa. Kuma yana ganin ubansa yana magana da mutanen gari a matsayin ɗaya daga cikinsu, abin da wasu yaranmu ba su cika gani ba.

Abin da ake bukata kaɗan ne. Babba sai ya yanki lasisi, ana sayarwa a intanet da shagunan kayan kamun kifi, kuma kuɗin yana komawa ne ga kula da ruwan. A Minnesota ɗan jihar da bai kai shekara 16 ba ba ya bukata. A duba ƙa'idar tafkin da za a je tun daga gida, domin ta wannan ba lallai ta zama ta wancan ba, kuma jami'ai suna zagayawa. Idan sanyi ya shigo ma harkar ba ta tsayawa, ana huda ƙanƙarar da ta rufe tafki a zura zare ta ramin, a kafa 'yan bukkoki ana hira a ciki. Hukuma na cewa sai kaurin sabuwar ƙanƙara ya kai aƙalla inci 4 kafin a taka ta da ƙafa, amma baƙo kada ya dogara da awonsa. Ya bi ɗan garin da ya san tafkin, ya taka inda ya taka.