Kada Bayanan Bincikenku Su Mutu a Cikin Kwamfuta

'Yan uwana ɗalibai, musamman ku masu digiri na biyu da na uku a nan Jos, ina da tambaya. Bayan an kare kundi, an yi masa bango mai ƙwari a shagunan Bauchi Road, an ɗauki hoto da hula da riga, ina bayanan da aka tattaro suke tafiya? Mutum ya shiga ƙauyukan Bokkos da Mangu yana tambayar manoman dankali, wata ta yi watanni tana ɗebo ruwan tsoffin ramukan kuza na Bukuru tana aunawa. Ƙarshenta alƙaluman suna cikin filashi ko kwamfutar da batirinta ya mutu, takardun tambayoyin kuma wataƙila mai ƙosai ce ke ƙunshi da su. Bayan shekara uku wani ɗalibi ya sake bin hanyar nan da kuɗin motarsa, ya yi wa manoman nan tambayoyin da suka riga suka amsa.

Wanda ya san Jami'ar Jos bai kamata a yi masa dogon wa'azi a kan wannan ba. A Oktoban 2016 gobara ta ci ginin ɗakin karatu na Naraguta, littattafai da takardu masu yawa suka ƙone. Ita dai wannan jami'a tun 2009 take da rumbunta na intanet inda ake zuba ayyukan bincike. Abin da ke takarda kaɗai wuta na iya gamawa da shi a dare ɗaya.

Na san abin da ke ranku: "Idan na saka, wani zai sace." Wannan tsoron a juye yake. Aikin da ke ɓoye shi ya fi sauƙin sata, domin ba ka da shaidar cewa kai ka fara. Idan ka ɗora bayananka a rumbu irin Zenodo, wanda cibiyar binciken kimiyya ta Turai mai suna CERN ke kula da shi tun 2013, kyauta ne, kuma za a ba aikin lamba ta dindindin da ake kira DOI, da sunanka da ranar da ka ɗora. Duk wanda ya yi amfani da shi, ƙa'ida ce ya ambace ka, wanda ya ƙi kuwa kana da hujja a kansa. Idan ba ka gama wallafa maƙalarka ba, akwai damar ka rufe fayil ɗin zuwa ranar da ka zaɓa. To, ina uzurin?

Ku tuna watan Maris na 2020. Masana a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, suka karanto tsarin ƙwayar korona daga mutum na farko da aka samu da ita a Najeriya, suka fitar wa duniya cikin 'yan kwanaki. Shi ne karo na farko a Afirka. Da sun rungume abin suna jiran ranar da mujalla za ta buga, da amfaninsa ya wuce.

Amma fa ɗorawa ba zubarwa ba ce, kuma a nan ne da yawa ke kwafsawa. Sai ka buɗe fayil ka ga shafi cike da 1 da 2 da 9, ba wanda ya san ko 1 namiji ne ko mace, ko nauyin da kilo aka auna ko da mudu. Wannan ba ya amfanar kowa, har da kai mai shi bayan shekara biyu. Ka haɗa da 'yar takarda mai bayyana inda aka tattaro, yaushe, daga mutum nawa, da ma'anar kowane layi. In da Hausa ko Berom ko Ngas ka yi tambayoyin, ka saka su yadda ka yi su, kada ka bar fassarar Turanci kaɗai. Muryoyi da hirarraki cikin harsunanmu ma suna da ƙaranci ƙwarai a intanet, masu nazarin harshe nema suke.

Sai amana. Matar da ta faɗa maka ciwonta a asibiti, ko dattijon da ya ba ka labarin abin da ya gani lokacin rikici, ba su ba ka don ka tona su ba. A gari kamar namu suna ɗaya da unguwa ɗaya sun isa jawo wa mutum fitina. Cire sunaye, lambobin waya da duk abin da zai sa a gane mutum. Tun ranar hira ka nemi yardarsu cewa wasu za su ga bayanan. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta hau kanka, ba kamfanoni kaɗai ba.

Kafin ka ɗora, ka zauna da malamin da ya duba aikinka, domin yana da haƙƙi a ciki, wani lokaci ma wanda ya ba da kuɗin binciken yana da sharaɗi. Daga nan ka leƙa wajen ma'aikatan ɗakin karatu, su suka san yadda ake shigar da aiki rumbun jami'a. Ku malamai kuma, don Allah ku riƙa tambayar ɗalibi inda ya ajiye bayanansa kafin ku sa hannu a kundi.